Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: Kafin a Sayo wa Yara Masu Lalura Kwamfutar Hannu

Mai Girma Gwamna,

Ina neman aron kunnenka a kan wani ɓangare na ilimi da ba kasafai yake hawa teburin manya ba. A watan Yunin 2024 gwamnatinka ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma tun daga lokacin magana ta fi karkata ga gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai. Duk waɗannan wajibi ne. Ni kuwa malamin yara masu buƙata ta musamman ne, na kuma san abin da kan biyo bayan gyaran gini: 'yan kwangila su zo da hotunan yara fes-fes riƙe da kwamfutar hannu, su ce zamani ke nan. Roƙona shi ne, kafin a sa hannu a irin wannan takarda da sunan makafi da kurame da yaran da gaɓoɓinsu suka shanye, a dubi wata hanya da ta fi arha, ta kuma fi dacewa da hannun waɗannan yara.

Ranka ya daɗe, ba sai na kai ka nesa ba. Ka san Alƙur'anin nan mai biro da alhazai ke shigowa da shi tsaraba, ana kuma sayar da shi a shagunan littattafai. Ka ɗora bakin biron a kan aya, ya karanta maka ita da muryar alaramman da ka zaɓa. Ka ɗaga ka ɗora a kan ta gaba, ya ci gaba. Sirrin yana cikin takardar. An buga wasu ɗige-ɗige a kowane shafi waɗanda ido ba ya kula da su, a bakin biron kuma akwai 'yar kyamara da ke gane su, ta san ayar da aka taɓa. Ba ya neman intanet, ba ya tambayar lambar sirri. Gyatumar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba tana aiki da shi daga nuni ɗaya, domin abin da aka nema daga gare ta shi ne abin da ta saba yi tun tana makarantar allo, wato bin rubutu da tsinke.

Abin da nake magana a kai ɗan'uwan wannan biro ne. Ana ɗaukar kayan da yaro ya sani, kofi ko cokali ko harafin katako ko ɗan dokin roba, a maƙala masa wani ɗan tambari na lantarki. In ka ɗaga tambarin ka haska shi da fitila, za ka ga siririyar waya an naɗe ta zagaye-zagaye a cikin 'yar sitika, a gefe kuma ga wani ɗigon baƙi, shi ne ke riƙe da lambar da ta bambanta wannan abu da kowane. Ba shi da batir, ba a cajinsa. Idan ya matso kusa da na'urar da ke karanta shi, tazarar yatsu biyu ko uku, sai ya ari wuta daga gare ta ta iska ya faɗa mata lambarsa. Na'urar ce ke da ajiyar murya. Ita za ta ce "wannan kofi ne", ko ta tambaya "me ake yi da shi?", ta kuma rubuta ko yaron ya ɗauko daidai. Masana suna kiran fasahar RFID, reshenta da ke cikin wasu wayoyi kuma NFC. Irinta ce a cikin fasfon Najeriya na yanzu, da katin bankin da ake karawa a jikin POS ba tare da an zura shi ba. In an sayi tamburan da yawa, kuɗin ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba.

Wanda ya fito da tunanin fili a fagen kwamfuta shi ne Hiroshi Ishii, ɗan Japan mai koyarwa a jami'ar MIT a Amurka, tare da ɗalibinsa Brygg Ullmer, a 1997. Hujjarsu ita ce ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana sanin duniya da hannunsa, sai kwamfuta ta zo ta tattara komai ta kulle a bayan gilashi. Amma malaman yara sun riga su da nisa. Maria Montessori likita ce a Roma, kuma da yara masu tawayar ƙwaƙwalwa ta fara aiki kafin ta buɗe makarantarta a unguwar San Lorenzo a 1907. Tana yanka haruffa daga samfefa irin ta kafintoci, yaro ya bi kaushin da yatsa yana furta sautin. Malaman firamarenmu da ke cewa yara su zo da marafan kwalba da tsinkaye domin lissafi suna kan wannan turba, ko da ba su taɓa jin sunanta ba. Abin da tambarin ya ƙara shi ne kayan suna amsa wa yaro, suna kuma ajiye lissafin abin da ya yi. A ajin da malama ɗaya ke fama da yaran da kowannensu yake buƙatar a zauna kusa da shi, wannan ƙari ba ƙarami ba ne.

Fuskar kwamfutar hannu santsi ce daga wannan gefe zuwa wancan. A ƙarƙashin yatsan makaho, harafin "ba" da hoton akuya da maɓallin fita duk abu ɗaya ne. Na san manyan makafi suna sarrafa waya sosai ta hanyar muryar da ke karanta musu, kuma alheri ne babba, sai dai ɗan shekara shida mai koyon siffar harafi yana buƙatar abin da zai damƙa ya jujjuya. Ga kuma yaron da ya sha wuyar haihuwa, ko shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, ko sanƙarau ya bar masa tabo, hannunsa yana rawa ko yana ƙagewa. Ka ce ya taɓa ɗan hoto ya ja shi gefe, zai taɓa wurare uku kafin ya sami na daidai, na'urar ta ce ya faɗi alhali ya san amsa sarai. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin da haka ake sa yaro mai kaifin basira a layin daƙiƙai, iyayensa su yarda, shi ma daga baya ya yarda.

A ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai irin waɗanda muke gani kullum, ba ta iya furta kalma, hannun damanta a dunƙule. An ajiye mata faifan katako mai ramuka uku, a ƙarƙashin kowane rami akwai na'urar karantawa. Ga tire cike da 'yan siffofi manya-manya: Inna, Baba, akuya, ruwa, tuwo, da biyu masu nuna ci da sha. Ta turo akuya da bayan hannu har ta faɗa ramin farko, muryar malamarta ta fito daga akwatin ta ce "akuya". Ta turo sha, ta turo ruwa, akwatin ya haɗa: "Akuya tana shan ruwa." In ta sa tuwo a gurbin ruwa ya ce, "Akuya tana shan tuwo?", ajin ya fashe da dariya, ita ma ta dara ta gyara. Ramin yana tare hannun da ke rawa, abin ya zauna inda aka ajiye shi, jimlar da ta gina tana nan a gabanta tana kallonta. Sannan yara uku za su iya kewaye faifai ɗaya, wannan ya miƙa wa wancan, abin da ba ya faruwa idan kowa ya sunkuyar da kai a kan nasa gilashin.

An yi irin wannan a zahiri. A Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a Holand, Bart Hengeveld ya gina LinguaBytes domin ƙananan yara masu shanyewar gaɓoɓi da ba sa magana, da siffofi masu tambarin RFID da yaro ke ajiyewa su fitar da kalma da labari. A jami'ar ETH ta Zurich kuma an ɗauki ganuwar wasan yara ta Playmobil aka maƙala wa mayaƙanta tambura domin su riƙa magana, daga baya masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila suka gwada ta da yara masu lalurar otizim don ganin ko za ta ja su wasa da juna.

Daga makaranta zan wuce asibiti, domin kayan ɗaya ne. Hawan jini yana kayar da iyayenmu da shanyewar ɓarin jiki, kuma likitocin gashi sun san hannu yana dawowa ne da maimaici. A wani bincike da Catherine Lang ta jagoranta, wanda aka buga a 2009, an zauna an ƙirga sau nawa majinyaci ke motsa hannu a aiki mai ma'ana a zama ɗaya na gashi a cibiyoyin Arewacin Amurka, aka sami matsakaici 32, alhali gwajin da aka yi da dabbobi yana nuna ɗaruruwa ake buƙata kafin ƙwaƙwalwa ta sake shimfiɗa hanya. In haka abin yake a inda ma'aikata suka wadata, ina ga dattijon da ake ɗaukowa daga Gwarzo ko Rano sau ɗaya a mako, wani makon ma kuɗin mota ya hana? Sauran kwanakin yana kan tabarma. An ce masa "a riƙa motsa hannun, Baba", amma ba mai ƙirgawa, shi kuma gajiya da baƙin ciki sun isa su sa ya bari. A ba shi kofin roba mai tambari da 'yan shimfiɗu biyu masu karantawa, ɗaya a gabansa ɗaya a nesa kaɗan. Duk sa'ad da ya kai kofin daga nan zuwa can, akwatin ya ƙirga da Hausa, ya yi masa sannu, jikansa na gefe yana taya shi. Ranar asibiti likita ya duba ya ga aikin mako, ya ƙara nisa ko nauyi.

Akwai kuma wata illa da jama'a ba su cika ganewa ba, har akan ce mutum ya ruɗe ko an yi masa jifa. Hannun yana da ƙarfi, amma jerin aiki ya ɓace masa: ya zuba ruwa kafin ya ajiye kofi, ya sa sukari sau biyu, ya tsaya da cokali a hannu bai san me ke gaba ba. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna CogWatch daga 2011, a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Birmingham, inda aka sa na'urorin ji a ƙasan butar shayi da kofi domin su bi sawun majinyaci yana haɗa shayi, su tunatar da shi idan ya tsallake mataki. Shayi suka zaɓa domin shi ne aikin da Bature ke yi kullum a gidansa. Namu zai iya zama dama koko, ko duk aikin da majinyacin da kansa ya ce shi yake so ya koma yi ba tare da an taimaka masa ba.

To, ranka ya daɗe, ba zan yi maka tallan da nake gargaɗinka a kai ba. Yawancin gwaje-gwajen da aka yi da kaya masu tambari ƙanana ne, yara kaɗan na 'yan makonni, kuma sau da yawa masu ƙera kayan ne ke auna su. Kayan taɓawa na lissafi marasa lantarki an fi nazarinsu: wani bita na bincike 55 da aka buga a 2013 ya sami amfaninsu daga kaɗan zuwa matsakaici, kuma ya danganta da yadda malami ya jagoranci darasin. Tambari ba ya sanin yadda hannu ya motsa, iyakacinsa ya ce kofi ya iso. Baba zai iya ɗauka da lafiyayyen hannu ya cika lissafi, sai likita ya gane. Don haka na'urar ba za ta zauna a kujerar malama ko ta likitan gashi ba.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro ya iso Najeriya a 2007, aka gwada shi a wata firamare a Galadima kusa da Abuja, bai kuma yi nisa a nan ba. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu biyu-biyu. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya auna sakamakon a makarantun karkara 319, rahotonsa na 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba bayan wata 15. An raba na'ura, ba a taɓa yadda ake koyarwa ba. Kaya masu tambari ma za su bi wannan hanya in aka jibge su a sito aka ɗauki hoto aka tafi.

Haɗari na biyu shi ne sayen akwatin da mabuɗinsa ke hannun wani. Kasuwar irin waɗannan kaya ta bunƙasa a Turai da Amurka. Toniebox ta Jamus, wadda ta fito a 2016, yaro ke ɗora mata ɗan mutum-mutumi ta ba shi labari. Kyakkyawan abu ne, amma an yi shi don iyaye masu ci gaba da sayen siffofin kamfanin, kuma yana neman intanet kafin ya sauko da sabon labari. Osmo kuwa, mai haɗa haruffan hannu da iPad, kamfanin Byju's na Indiya ya saye ta a 2019 a kan dala miliyan 120, da bashi ya durƙusar da shi sai ga ta a gaban kotun fatara a Amurka a 2024. Gwamnatin da ta jingina makarantun makafinta da irin wannan ta sayi biri a sama. Ƙari a kan haka, ba za ka tarar da ɓ da ɗ da ƙ a cikin akwatin haruffansu ba, kuma yaron da ba a ba shi ƙ ya riƙe ba, da me zai bambanta kafa da ƙafa?

Abin da nake roƙo ƙarami ne idan aka gwada shi da kuɗin gini. A yi gwaji na zangon karatu uku a makarantar yara masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, da 'yan firamare na gama-gari da ke da irin waɗannan yara, da sashen gashi ɗaya a asibitin jiha kamar na Murtala. A ƙera kayan a nan. Masassaƙa da kafintocin Kano za su fitar da haruffa da siffofi, masu gyaran waya na Farm Centre da ɗaliban injiniya na jami'ar Wudil da Kwalejin Fasaha ta jiha za su haɗa akwatunan, domin kayan cikinsu ba su wuce abin da ɗalibai ke aikin kammala karatu da shi ba. Malaman sashen ilimi na musamman da na gashi na Jami'ar Bayero su tsara darussa tare da malaman aji, a kuma sa makafi da kurame manya a cikin masu yanke shawara tun daga ranar farko, don su ne suka san inda takalmin ke matsewa.

Sharuɗɗan da ya kamata a rubuta a takardar aikin su ne ainihin maganar. Malama ta iya ɗaukar muryarta da kanta, ta maƙala sabon tambari a kan sabon abu a cikin minti biyar ba tare da kiran kowa ba; in ba haka ba, bayan wata biyu yara za su haddace abin da ke ciki ya zama tarkace. Akwatin ya yi aiki ba intanet, ya ɗauki caji daga ɗan faifan sola. Zanen kayan da manhajar su zama mallakar jiha, a kuma bar su a buɗe ga duk wanda zai kwaikwaya, daga Katsina har Maraɗi. Siffofin su fi ƙarfin haɗiya, a binne tambarin a cikin katakon yadda haƙori da yawu ba za su kai gare shi ba. Masu ƙerawa su sani cewa tambari na yau da kullum ba ya aiki a jikin ƙarfe, don haka kwanon sha da cokalin ƙarfe sai da na musamman. Kada kuma a dogara da wayoyin iyaye, domin yawancin wayoyi masu araha ba su da NFC. Inda ake son aiki da waya, alamar da aka buga a takarda wadda kyamara ke karantawa ta wadatar. Kurame su ne za su buƙaci allon kallo, yadda ɗora abu zai fito da bidiyon mai nuna sunansa da maganar hannu, kuma kuramen Kano ne ya kamata a ɗauka a bidiyon. Lissafin da akwatin ke tarawa a kan yaro ko majinyaci sirrinsa ne, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafe shi, bai kamata ya bar hannun malami da likita da iyaye ba.

Batun kuɗi ba sai an ƙirƙiro sabuwar hanya ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a rabon wannan asusu akwai kashi 2 cikin 100 na ilimin masu buƙata ta musamman, wanda ke zuwa jihohi ta hannun hukumar SUBEB. Dokar hana nuna wa masu lalura wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ai kuwa yaron da aka ba kujera aka hana shi kayan da zai iya riƙewa bai sami wannan haƙƙi ba. Abin da ke buƙatar ikonka shi ne haɗa ma'aikatar ilimi da ta lafiya a kan aiki ɗaya, domin in an bar su kowacce za ta ce yaron na ɗaya ce.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ɗan kwangila ba zai so ba. A raba yaran gida biyu: wasu a ba su kayan masu tambari, wasu a ba su irin kayan sak amma katako tsura, malamansu duka su sami horo iri ɗaya. A auna su kafin a fara da bayan an gama, mai aunawa kuma ya zama ba shi da hannu a ƙera kayan. A buga sakamakon da Hausa, iyaye su ji a rediyo. In masu tambarin suka yi fice, a faɗaɗa. In kuwa katako tsura ya yi abin da mai magana ya yi, a faɗa wa jama'a haka, a ajiye lantarkin, a ba kafintoci da horon malamai kuɗin.

Allah ya yi maka jagora, ya kuma ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin yara masu buƙata ta musamman,
Kano.